Ganin Abin da Fata Ta Rufe: Tarihin Koyar da Ƙirar Jiki a Ƙasar Sakkwato

A 1824, da Bature matafiyi Clapperton zai bar Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, kuma cikin buƙatunsa har da a aiko masa da likita. Da baƙon ya dawo a 1826, cikin tsarabarsa akwai wani littafin Ibn Sina da Larabci. Wanda ya zaɓi wannan tsaraba ya san mai karɓarta, domin Bello da kansa ya yi rubutu a kan basir, da ciwon ido, da magungunan da aka ruwaito daga Annabi (SAW).

Sai dai ilimin jiki a irin waɗannan littattafai cikin kalmomi yake tafe. A juzu'in farko na Alƙanun, Ibn Sina ya bi ƙasusuwa da tsokoki da jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana siffanta kowanne da baki. Almajiri ya karanta a gaban malami, ya haddace, sauran aikin kuma na zuciyarsa ne: shi zai gina surar abin da bai taɓa gani ba. A wasu ƙasashe an riga an kama zane. Mansur ibn Ilyas na Shiraz ya fito da zanen jiki mai launi tun ƙarshen ƙarni na 14, Vesalius kuma ya buga babban littafinsa mai hotuna a 1543. A nan, masu ganin cikin jiki da idonsu wasu mutane ne dabam, kuma ba a zauren karatu suke ba.

Mahauci ne, da maɗori, da wanzami, da ungozoma. Mahaucin da ke fiɗa a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya san inda matsarmama ke maƙale a ƙarƙashin hanta, ya san kuma in wuƙa ta kuskure ta, naman ya yi ɗaci. Maɗori yana karanta karaya da yatsunsa ta bayan fata. Yaron Unguwar Lalle da ya riƙe ƙafar rago ranar layya ya ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya ga huhu yana kumbura in an hura maƙogwaro, ya ga ƙoda kwance cikin kitse. Gogaggun malaman anatomi, wato ilimin ƙirar jiki, ba sa raina wannan jari. Da shi suke fara darasi, sannan su ja kunne: tumbin rago ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya, hanjin rago ya fi na mutum tsawo nesa ba kusa ba. Malamin da ya manta wannan gyara ya bar ɗalibinsa da hoto mai ƙarfi amma karkatacce, kuma irinsa ya fi wuyar gogewa.

Hoton da ake haskawa a bango ya shigo tare da Turawan mulki. Motar majigi ta riƙa zagaya garuruwa da finafinan tsafta, Makarantar Tsafta ta Kano kuma, wadda aka buɗe a 1932, ta riƙa yaye dubagari. Daga wancan zamani ne malaman lafiya suka gaji wani labari da suke ba ɗalibai har yau: an haska sauro ya cika farin ƙyalle, sai 'yan kallo suka ce ai su saurayensu ƙanana ne, wannan bala'in na wata ƙasa ne. Ko ma a wane gari aka yi, 'yan kallon ba su yi wauta ba. Mai hoton ne bai nuna ma'auni ba, kuma wannan kuskure yana nan a ajujuwa, inda ake haska ƙwayar jini da ƙashin cinya da girma ɗaya.

Likitan farko daga Arewa, Dakta Barau Dikko na Wusasa, sai da ya je Bamingham ta Ingila ya yi karatu. An buɗe makarantar likitanci a Kano a tsakiyar shekarun 1950, amma ba ta yi tsawon rai ba. Tushe mai ɗorewa ya kafu ne a 1967, da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a Zariya. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta zo da nata sashen da asibitin koyarwa, ɗan gabashin Sakkwato ya samu inda zai koyi likitanci kusa da gida.

Waɗanda suka yi karatu a wancan zamani, in suna tuna malamansu, alli suke fara ambata. Malam ya shigo da alli kala huɗu: ja na jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, shuɗi na mai mayar da shi, rawaya na jijiyar saƙo, kore na magudanar ruwan kaluluwa. Allo fayau, ba komai. Ya fara da ƙashi, ya shimfiɗa tsoka a kansa, ya ratsa da jijiya, ɗalibai suna bin sa a takardunsu layi bayan layi. Ɗauki saƙar jijiyoyin da ke fitowa daga wuya zuwa hannu: saiwa biyar, su haɗe su zama ganga uku, su rabu shida, su sake ƙulluwa igiya uku, su ƙare da manyan rassa biyar. Wanda aka nuna wa wannan a kammale, kansa zai ɗaure. Wanda ya ga tana tsirowa daga hannun malam, kuma ya zana da nasa hannun, zai tuna ta ranar da aka kawo masa jaririn da aka ja da ƙarfi wajen haihuwa, hannunsa ɗaya yana reto. Sirrin alli shi ne jinkirinsa. Ba ya wuce saurin hannu, hannu kuma ba ya wuce saurin fahimta. A ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Yamai, inda karatun ya bi tafarkin Faransa da littafin Rouvière, zane a allo yana da irin wannan daraja.

Bayan allo sai ɗakin fiɗa, da warin fomalin mai sa hawaye, da littafin Cunningham a buɗe gefen tebur. Dokar da ta halatta amfani da gawa don koyarwa a Nijeriya ta 1933 ce, kuma yawancin gawawwakin waɗanda ba a samu danginsu ba ne. A ƙasar da ake gaggauta suturta mamaci, kuma kusan babu mai wasiyyar a ba da jikinsa, gawa tana wuyar samu, sai ka ga ɗalibai sun yi wa tebur ɗaya zobe biyu, na baya yana ɗage. Malamai na ƙwarai suna fara ranar farko da tunatarwa cewa wannan ɗan Adam ne, haifarsa aka yi, a rufe abin da ba a aiki a kansa, a bar wasa. A nan ɗalibi ke gane cewa cikin mutum ba ja da shuɗi da rawaya ba ne, duk launin toka-toka ne, kuma jijiya ba kullum take bin hanyar da littafi ya shata mata ba. Ranar jarrabawa a soka fil a wani ɗan zare, a buga ƙararrawa, ka faɗi sunansa kafin a sake bugawa ka matsa gaba.

Daga nan na'urori suka biyo juna: majigin leda mai rubutun hannu, da ƙananan hotunan fim da ake jerawa a faifai, sannan kwamfuta da PowerPoint. Alherinsu a fili yake. Zanen Frank Netter, wanda kundinsa ya fito a 1989, ya isa gaban aji mai ɗalibai ɗaruruwa, abin da madubin ƙara girma ke nuna wa mutum ɗaya ya zama kowa yana gani. Amma an yi hasara, kuma ya kamata a faɗe ta. Malamai da yawa sun kwashe shafin littafi sun liƙa a bango, suna karantawa da baya ga aji. Ɗalibi ya daina zane, ya koma jiran a tura masa darasin a waya. Binciken Allan Paivio tun 1971, da na Richard Mayer daga baya, ya nuna abin da masu alli suka sani a aikace: hoto da muryar malam suna taimakon juna, amma dogon rubutu da murya a lokaci guda kokawa suke yi. Shafin majigi mai kyau hoto ɗaya ne babba, da sunaye kaɗan a jikin abin da suke nunawa, yana bayyana kashi-kashi yadda alli ke yi. Har akwai tsofaffin ɗalibai da ke cewa darasin da ya fi zauna musu shi ne na ranar da aka ɗauke wuta malam ya koma allo.

Fiziyoloji, ilimin yadda gaɓoɓi ke aiki, ya fi buƙatar idon zuci, domin motsi ne, gawa kuma ba ta motsi. Ɗan fadamar Rima da ya taɓa tayar da injin ban ruwa ya san in mesar zuƙa ba ta samun ruwa, komai ƙugin injin ba abin da zai fito. Da haka zai gane dalilin da zuciyar mai naƙudar da ta zubar da jini ke bugawa da sauri alhali bugun hannunta yana dusashewa. Lambobi ma suna zama hoto in an iya faɗarsu: zuciya tana tura kusan lita 5 a minti ɗaya, ƙoda tana tace kusan lita 180 a yini amma ta mayar da kusan duka, ta bar lita ɗaya da rabi. Ruwan gishiri da sukari kuwa, wanda ya ceci ɗimbin yara daga amai da gudawa, yana aiki ne don akwai ƙofa a bangon hanji da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, ruwa kuma ya bi bayansu. Ma'aikacin da ya ga wannan ƙofa a ransa ba zai yarda uwa ta cika sukari ko ta rage shi ba.

Wani gibi kuma sai kwanan nan aka fara cike shi. Kusan duk jikin da ke cikin littattafan farar fata ne. A Disamban 2021, zanen ɗan tayi baƙar fata da ɗan Nijeriya Chidiebere Ibe ya yi ya zagaya duniya, likitoci da yawa suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Lamarin ya wuce ado. Ƙurajen ƙyanda ba sa yin ja a fatarmu yadda littafi ya nuna, ƙarancin jini kuma a cikin fatar ido da tafin hannu ake duba shi.

Likitoci ƙalilan ne ke kai wannan ilimi ƙauyukan Gobir. Masu kai shi su ne nas-nas da ungozomomin asibiti da suka tashi da littafin Ross da Wilson, da ma'aikatan lafiya na matakin farko irin waɗanda Kwalejin Sarkin Musulmi Abdurrahman ta Gwadabawa ke yayewa. Karatunsu na anatomi gajere ne, ga shi su ne suke aiki inda babu na'urar hoton ciki, a yankin da 'yan bindiga suka sa tafiya Sakkwato da mara lafiya ta zama kasada. A 2024, da yara suka riƙa zuwa da kumburin ciki a yankin Isa, har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta turo masu bincike, hannun irin waɗannan ma'aikata ne ya fara taɓa cikin, yana rarrabe ruwa da iska da kumburarriyar hanta.

Ko allurar ɗuwawu ta isa misali. Babbar jijiyar ƙafa, mai kaurin yatsa a jikin babba, tana saukowa ta ƙasan ɗuwawu zuwa bayan cinya. Shi ya sa ake raba wurin gida huɗu a soka a na sama ta waje, jariri kuma a yi masa a gefen cinya. Wanda ya haddace ƙa'idar kawai yakan sauko ƙasa in yaro yana fizge-fizge, kuma asibitocin Nijeriya sun sha karɓar yaran da ƙafarsu ta shanye ta wannan hanya. Saboda haka wasu malamai a yau, duk da bidiyo da manhajojin da ke juya kwarangwal a fuskar waya, suke sa ɗalibi ya kife wayar, ya ɗauki alƙalami ya zana hanyar jijiyar da ka, sannan ya nuna ta da yatsa a jikin mutum-mutumin roba, kafin a yarda ya riƙe sirinji.