Tarihin Lissafin da ke Gyara Hoton CT

Hoton CT ana samun sa ne ta hanyar harba hasken eksire ta kusurwoyi masu yawa, na'urorin karɓa su auna abin da ya ratsa jiki, kwamfuta ta fitar da hoton gaɓar yanki-yanki. Wanda ya bugu a ka a haɗarin babur a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, sau da yawa sai an tura shi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kafin a yi masa wannan hoto. Ɗan jinin da likita ke nema tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa kuwa ba ya fitowa sarai sai lissafi ya gyara abin da aka auna.

Johann Radon na Austiriya ne ya aza harsashin lissafin a 1917, Allan Cormack ya kawo shi fagen likitanci a 1963 da 1964. Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera na'urar, aka fara duba wata majinyaciya a asibitin Atkinson Morley na Landan ranar 1 ga Oktoba, 1971. Hoton farkon ɗigo 80 ne a tsaye, 80 a kwance. Yau 512 aka saba. Cormack da Hounsfield sun raba kyautar Nobel a 1979. Nijeriya ta samu na'urar CT ta farko a Ibadan a 1987.

Babbar matsalar tun farko ita ce hasken eksire ba ƙarfinsa ɗaya ba. Jiki na shanye mai rauni da wuri, mai ƙarfi ya wuce, sai kwamfuta ta zaci tsakiyar kai ba ta da kauri. Sai tsakiyar hoton ta yi duhu, baƙaƙen layuka su gitta tsakanin ƙasusuwan gindin ƙoƙon kai. A na'urar EMI, hular roba ake sa wa majinyaci a cusa kansa cikin akwatin ruwa don a rage wannan. Da aka iya gyara awon da lissafi, sai aka yar da ruwan. Haka nan in na'urar karɓa guda ta kauce, zobe ne zai bayyana a hoton; shi ya sa ma'aikacin ɗakin hoto kan ɗuma injin da safe, ya harba hasken cikin iska babu kowa a gadon, don a daidaita awo.

Dishi-dishin hoto kuma, matatar lissafi ta Ramachandran da Lakshminarayanan a 1971 da ta Shepp da Logan a 1974 suka magance shi. Sai dai kaifi na zuwa da hatsi-hatsi, don haka matatar ƙashi daban, ta ƙwaƙwalwa daban.

Wajen 2008 aka rungumi lissafin maimaitawa, inda kwamfuta ke hasashen hoto, ta gwada da awo, ta sake gyarawa. Amfaninsa babba ne, musamman ga yara, domin ya sa an rage yawan hasken da ake harbawa. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gyara da ƙirƙirarriyar basira. A nan dole a yi hattara, don gogewa ta wuce kima na iya shafe ƙaramin ƙari. A 2021 kamfanin Siemens ya fito da na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya tare da auna ƙarfin kowace.