Katin Taɓa-Ka-Biya: Yadda Yake Aiki Da Matsayinsa A Najeriya

Katin taɓa-ka-biya shi ne wanda ba a zura shi cikin na'ura. Kusantar da shi kawai ake yi, ciniki ya kammala cikin ɗan lokaci. A cikinsa akwai ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da siririyar waya da ta kewaye shi. Ba shi da batir, domin daga na'urar da ke karanta shi yake samun wuta, kuma ba ya aiki sai tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin santimita 4 ba.

Harkar sufuri ce ta fara fito da shi a duniya: katin Octopus na Hong Kong a 1997, sannan Oyster na Landan a 2003. A Najeriya ma haka lamarin yake. Gwamnatin Jihar Legas ta ƙaddamar da katin Cowry a 2020 domin motocin BRT, daga baya ya shiga jiragen ruwa da jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara jigilar fasinjoji a watan Satumban 2023. Dalilin karɓuwarsa a bayyane yake: ya rage jinkiri a bakin ƙofa, ya kuma kawar da rigimar canji tsakanin fasinja da kwandasta.

A ɓangaren bankuna, Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar da ƙa'idoji a watan Yunin 2023. Ya ƙayyade naira 15,000 a matsayin iyakar ciniki ɗaya, da naira 50,000 a rana. Abin da ya haura haka sai an tantance mai katin, misali da lambar sirri. Wannan iyaka ce babbar kariya idan kati ya ɓata, tunda wanda ya tsince shi zai iya yin ƙaramar sayayya kafin a rufe shi. Don haka ake shawartar mai kati da ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai dai a kasuwanni tafiyar ba ta yi sauri ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, jama'a sun fi sabawa da tura kuɗi ta waya da zuwa wurin masu POS, inda har yanzu ake zura kati a danna lamba, ko da kuwa katin yana ɗauke da alamar lanƙwasassun layuka huɗu da ke nuna cewa taɓawa kawai ta isa.