Yadda Asalin Mutanen Norway Ya Shiga Takarda

Littafin coci mafi tsufa da ya rage a Norway na ƙauyen Andebu ne, a kudancin ƙasar, kuma an fara shi a 1623. Fasto ne ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. A lokacin ganin damarsa ne. Sai a 1685, zamanin Sarki Christian na Biyar, lokacin da Norway ke ƙarƙashin Denmark, aka wajabta wa kowane fasto ajiye irin wannan littafi.

Ba don jikoki aka yi shi ba. Coci tana son sanin mabiyanta, sarki kuma yana son sanin masu biyan haraji da samarin da za su ɗauki bindiga. Shi ya sa ƙidayar shekarun 1660 da ta 1701 maza suka fi damuwa da su. Ƙidayar 1 ga Fabrairu 1801 ce ta bi gida-gida ta rubuta kowa da sunansa, shekarunsa da sana'arsa, har mata da barori da jarirai, mutum wajen 883,000. A 1812 kuma aka fito da wata doka da nake ganin hikima a cikinta: mataimakin fasto ya riƙe littafi na biyu, kuma kada littattafan biyu su kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. Gidajen katako ne, gobara kuma ba ta sallama.

Sai dai samun takarda daban, gane wanda ke cikinta daban. Mutumin karkara a Norway suna uku gare shi: na yanka, na uba, da na gona. A ce Ola ne, ubansa Hans. Shi ne Ola Hansen, ƙanwarsa kuwa Hansdatter, wato 'yar Hans. Idan yana zaune a gonar da ake kira Berg, shi ne Ola Hansen Berg. Ran da ya tattara komatsansa ya koma gonar Haugen, sunan Berg ya tsaya a can, shi ya zama Haugen. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, mu da muke da ɗan wane da 'yar wane, muke kuma da Aminu Kano da Shehu Shagari. Bambancin shi ne a can sunan wuri adireshi ne, yana canzawa da ƙaura. Sai a 1923 doka ta tilasta wa kowane gida sunan iyali guda mai ɗorewa.

Kafin nan kuwa jama'a sun riga sun watse. A Yulin 1825 wani ƙaramin jirgin ruwa, Restauration, ya tashi daga Stavanger da mutum 52. Ya isa New York a Oktoba da 53, domin an yi haihuwa a teku. Cikin shekara ɗari da suka biyo baya, wajen mutum 800,000 sun bi sahunsu, galibi zuwa Wisconsin, Minnesota, Iowa da yankin Dakota. Idan aka auna da yawan jama'a, Ireland kaɗai ta fi Norway asarar mutane ta wannan hanya. A Amurka kuma suna ɗaya ake nema. Wani ya riƙe na uba, wani ya riƙe na gona, har ka ga wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da nasa sunan. Nan ne igiyar ta fi tsinkewa, kuma shi ya sa masu binciken asali tambayarsu ta farko ita ce: daga wace gona?

Amsar tana cikin abin da suke kira bygdebok, littafin tarihin ƙauye, wanda ke bin gona-gona yana jera waɗanda suka zauna a kowace, tsara bayan tsara. Lorens Berg na cikin waɗanda suka share wannan hanya, kuma littafinsa na 1905 a kan Andebu ɗin nan ne. Yau gundumomi da yawa suna da nasu. Amma tsofaffin cikinsu sun fi kula da masu gona. 'Yan haya da ake kira husmenn, masu biyan ɗan fegi da aikin ƙarfi, sau da yawa layi ɗaya suke samu ko ma su rasa. Wannan yana damuna, domin da yawa daga cikin waɗanda suka hau jirgi 'ya'yansu ne.

A 1998 hukumar adana takardun tarihi ta Norway ta buɗe Digitalarkivet a intanet, kyauta, inda aka fara da ƙidaya, daga baya aka sa hotunan littattafan coci da rubutun hannun fastocin. Dokar ƙasar tana rufe sunayen ƙidaya har shekara ɗari, saboda haka ta 1910 ta fito a 2010, ta 1920 kuma a Disambar 2020.