Haƙƙin harshe: matsayin Hausa a Gadarif ta ƙasar Sudan

Gadarif jiha ce a gabashin Sudan, kan iyakar Habasha, wadda ta yi suna wajen noman dawa da riɗi. Hausawa na cikin al'ummomin da suka daɗe a can. Wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, shi ya jagoranci wani ayari har bakin kogin Bulu Nayil, inda garin Mai Wurno yake yau. Daga baya noma da su suka ja mutane da yawa zuwa Gadarif.

A gida da kasuwa ana jin Hausa, amma Larabci ne harshen aji da kotu da ofis. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan take rikiɗa saboda cuɗanya da Larabci.

Me dokar Sudan ta ce?

Sashe na 8 na tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce duk harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne, a mutunta su, a bunƙasa su. Ya kuma ba majalisar kowace jiha damar ƙara wani harshen ƙasa cikin harsunan aikin gwamnatinta. An jingine wannan tsarin mulki a Afrilun 2019.

Kalmar "asali" ita ce ƙashin bayan matsalar, domin har yanzu akwai masu kallon Bahaushen Sudan a matsayin baƙo. A Yulin 2022, bayan rikicin jihar Bulu Nayil da ya taso kan ƙasa da sarauta, Hausawa sun yi zanga-zanga a Gadarif da Kassala da Khartum. Wanda ake yi wa gardama kan zamansa ɗan ƙasa, da wuya a saurare shi kan harshensa.

Me dokar duniya ta ce?

Sashe na 27 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da siyasa ya hana a tauye wa tsiraru damar amfani da harshensu tare da 'yan uwansu. Sudan ta shiga yarjejeniyar a 1986. Sashe na 30 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ya ba yaro irin wannan kariya.

A 1994 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar 1966 ya fayyace cewa haƙƙin bai tsaya ga 'yan ƙasa kaɗai ba, kuma samuwar tsiraru a ƙasa ba ta dogara da amincewar gwamnati ba. Ke nan Bahaushen Gadarif ba sai ya kawo shaidar shekarar da kakansa ya iso ba kafin harshensa ya cancanci kariya.

A aikace haƙƙin ya shafi tafinta a kotu ga wanda ba ya jin Larabci, da koyar da yaro harshen uwarsa, da sanarwar lafiya cikin harshen da mutane suke ji. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, don haka bayanin rabon abinci da rigakafin kwalara cikin Hausa na iya ceton rai. Wannan sashe na 27 shi ne kuma madogarar Hausawan Gana da Kamaru da Cadi, domin ƙasashen uku duk sun shiga yarjejeniyar.