"I dey yab you" da wasan Fulani da Barebari

'Yan uwa ɗalibai, musamman sababbin shiga, a ɗakin kwana ko guruf ɗin aji za ka ji wani ya caccake ka, sannan ya rufe da "just kidding" ko "I dey yab you". Wani ya ce "I'm pulling your leg", kai kuma ba wanda ya taɓa ƙafarka. Duk abu ɗaya suke nufi: tsokana ce, kar ka hau.

Kalmomin ma da tarihinsu. "Banter" ɗin nan ta 'yan kallon ƙwallo, tun 1710 marubuci Jonathan Swift ya kushe ta, a ganinsa ɓata Turanci ce. "Yab" kuwa ta buroka ce, Fela ya ƙara fito da ita a Legas da zaman "yabis", inda yake wanke gwamnatin soja tas.

Abin da na lura, mai Turanci sai ya yi sanarwa cewa wasa yake. Mu a ƙasar Katagum ba ma sanarwa. Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu, a bakin iyakar Borno ya kafa Katagum, ya yaƙi Barebari har ya shiga Birnin Gazargamu kafin rasuwarsa a 1814. Ba wasa aka yi ba, an zubar da jini. Fadar ta dawo Azare a 1916, kuma yau a kasuwar Azaren nan Babarbare zai ce wa Bafulatani "bawana", shi ya rama da abin da ya fi haka, a tashi ana dariya. Ba mai cewa "no offence". Kowa ya san lasisin tun daga gida, kamar na taubasai masu bin juna kuɗin shara, ko Kanawa da Zazzagawa. Ni wannan ya fi burge ni, wallahi.

To amma lasisin nan ba ya aiki a ko'ina. Abokin ɗakinka ɗan Inugu ba Babarbare ba ne. Ka ce masa "my slave" da sunan wasa, zagi tsagwaronsa zai ji, maganar tana iya kaiwa gaban kwamitin ladabtarwa. Shi ma ba shi da wani tsohon wasa da kai da zai jingina da shi, shi ya sa in ya tsokane ka yake saurin ƙarawa da "na play o".