Takardar Haraji da Sanin Hukuma a Ƙasar Daura

Tambayar da za mu bi a nan ita ce, ta wace hanya talakan ƙasar Daura ya san yadda ake mulkinsa, tun lokacin da masu ilmin boko ba su taka kara sun karya ba? A ganinmu babban malaminsa shi ne haraji.

Bayan jihadi sarautar Daura ta koma hannun Malam Isiyaku, zuriyar Sarkin Gwari Abdu kuwa suka zauna Zango da Ɓaure. Da Turawa suka zo sai suka yi abin da ba su saba yi ba, suka mayar da tsohon gidan sarauta, aka naɗa Malam Musa. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, ya riƙe har 1966. Watau kusan duk zamanin En'e mutumin Daura sarki ɗaya ya sani, ko da yake a 1934 an cire ƙasar daga Lardin Kano an haɗa ta da Katsina.

To, ga yadda karatun yake. Kowace shekara akan ƙidaya magidanta, a yanka wa kowace gunduma abin da za ta biya. Hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, mai unguwa ya tsaya a ƙofar gida. In kuɗi sun taru sai su bi wannan tsani su hau har Baitulmali, a fid da rabon Gwamnati, sauran a biya hakimi da alƙali da ɗan doka da malamin asibiti. Makiyayi kuma yana da nasa, jangali. Wanda ya biya akan ba shi 'yar takarda, ya adana ta kamar laya, domin ranar da aka tare shi a hanyar kasuwa ita ce za ta cece shi. Ta haka manomi ya haddace matakan mulki, ya san wanda ke bisa wani, ya kuma san cewa kukansa ma tsanin nan zai bi, in ba ya yi sa'a Di'o ya zo rangadi ba. Kada dai mu yi wa abin kwalliya. Sani ne mai haɗe da tsoro, kuma wanda ya gaza biya yakan tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa, ga ta nan kusa, a can ma ya tarar da nasu.

Mai nazarin harshe zai ga shaidar wannan a bakin mutane. Galadima daga Barno ta zo mana. Haraji da hakimi da alƙali da Baitulmali na Larabci ne. En'e da Di'o da Razdan na Turawa ne, amma harshe ya tauna su har sun zama nasa, tsohuwar da ba ta taɓa ganin allo ba takan ce jikanta ma'aikacin En'e ne. Baƙuwar kalma ba ta zama 'yar gida haka sai abin da take nufi ya shiga cikin gidan.

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batu a majalisa a Kaduna, yana neman a gyara tsarin En'e yadda talaka zai sami ta cewa. A watan nan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Daga nan aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye, aka yi dokar En'e ta 1954, aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci, Lardin Katsina ya sami jaridarsa, Himma. Amfanin azuzuwan nan na farko, a zatonmu, shi ne mutum ya iya karanta adadin da ke rubuce a takardar harajinsa, ya gwada shi da abin da aka karɓa a hannunsa. Wanda ya iya wannan ya fara tambaya ke nan.

Mulkin soja ya karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, aka bar wa sarki ba da shawara. A 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta har zuwa 1987 da aka yanko Jihar Katsina. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai daga nan yawancin kuɗin hukuma daga asusun Tarayya suke saukowa, su biyo ta jiha, ba wanda ya ƙirga su a zauren mai unguwa. Hanyarsu ma sai da ta kai gaban Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye.

Yau masarautar Daura ƙananan hukumomi 5 ne daga cikin 34 na jihar: Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu. Harshe ya karɓi ciyaman da kansila da sakatariya, amma ba mu ji ya yi wa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma wani suna na gida ba. Tsohon tsanin kuwa yana nan. Mutumin da aka ci masa iyakar gona, ko yaron da ke neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa don shiga makaranta, galibi gidan mai unguwa yake fara zuwa, daga can a tura shi wurin dagaci da hakimi, kafin ya taka ƙofar sakatariya.