Daga Ɓarayin Keke Zuwa Mai Fere Dankali: Shekara Saba'in Ana Zaɓen Gwarzon Fim

A shekarar 1952 mujallar Sight and Sound, wadda Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ke bugawa a Landan, ta aika wa masu sharhin fim na ƙasashe daban-daban tambaya guda: kowa ya lissafo finafinai goma da yake ganin babu kamarsu tun da aka fara fim. A lokacin sana'ar ba ta ma cika shekara sittin ba, in an ƙirga daga ranar 28 ga Disamba 1895, da wasu wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, suka tara 'yan kallo a Paris, suka karɓi kuɗin shiga, suka nuna musu hoto mai motsi. Tun daga wannan karo mujallar take maimaita tambayar duk bayan shekara goma. Wanda ya jera sakamakon nan guda takwas ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa ba a haihuwar fim da rawaninsa. Sai ya tsira daga wuta da ruɓewa, sai an sake haska shi, sai kuma ya samu masu tsaya masa.

Fim ɗin da ya zo na ɗaya a 1952 shekararsa huɗu kacal da fitowa. Shi ne Bicycle Thieves, wato ɓarayin keke, na Vittorio De Sica ɗan Italiya. Labarin wani magidanci ne a birnin Roma bayan yaƙin duniya na biyu, ya daɗe ba aikin yi, sai ya samu na liƙa fastoci a bango, da sharaɗin yana da keke. Keken nasa kuwa yana gidan jingina. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu, ta wanke, ta kai jingina aka fanso keken. A nan De Sica ya yi abin da har yau yake taɓa ni: kyamara ta bi ma'aikacin da ya karɓi ƙunshin, yana hawa kanta bayan kanta har kusa da rufi, ko'ina maƙil da ƙunshin zannuwan wasu gidajen. Ba wanda ya ce uffan, amma ka gama sanin halin da garin yake ciki. A ranar farko ta aiki aka sace keken. Sauran fim ɗin yawon nema ne, shi da ƙaramin ɗansa Bruno, har ƙuncin rayuwa ya kai uban ga miƙa hannu kan keken wani, aka kama shi ana marinsa a gaban yaron. Wanda ya fito a uban, Lamberto Maggiorani, leburan masana'anta ne, bai taɓa yin fim ba.

A bayansa sai finafinan Charlie Chaplin biyu, City Lights da The Gold Rush, sannan Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, wanda aka yi a Tarayyar Sobiyet a 1925. Masu zaɓen sun tashi ne a zamanin fim marar magana, can zuciyarsu take. Babu fim ɗin Asiya ko ɗaya a goman farko. Babu kuma Citizen Kane, wanda zai riƙe kambun na tsawon shekara hamsin.

Orson Welles yana ɗan shekara 25 ya yi Kane, ya fito a 1941. Labarin wani hamshaƙin mai jaridu ne, kowa kuma ya gane da William Randolph Hearst ake. Hearst ya hana jaridunsa tallata fim ɗin, gidajen silima da yawa suka ji tsoro suka ƙi haska shi, kamfanin RKO mai fim ɗin ya tafka asara. A gasar Oscar an sa shi takara a rukuni tara, ya tashi da kyauta ɗaya tal, ta rubutun labari. Daga nan aka jefa shi sito. Faransawa ba su gan shi ba sai 1946, bayan yaƙi, inda masu sharhi irin su André Bazin suka yi ta bayanin abin da Welles da mai ɗaukar hotonsa Gregg Toland suka yi. Akwai wurin da uwa ke zaune dab da kyamara tana sa hannu a takardar da za ta raba ta da ɗanta, uban yana tsaye daga baya yana gardamar da ba mai saurare, can ta taga kuma ga yaron yana wasa cikin dusar ƙanƙara bai san me ake ciki ba. Duka ukun ana ganinsu tar a hoto ɗaya, ya rage wa mai kallo ya zaɓi inda zai sa ido. A 1956 aka fara nuna shi a talabijin a Amurka, aka kuma mayar da shi silima. Da aka zo zaɓen 1962 sai ga shi a sama, bai sauka ba har bayan na 2002.

Wanda ya fi daɗewa yana bin sawunsa ma da ƙyar ya sha. La Règle du jeu na Jean Renoir ya fito a Paris a Yulin 1939, yana tona asirin masu hannu da shuni da barorinsu a daidai lokacin da yaƙi ke ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan kallo suka yi masa ihu, aka daddatse shi, hukuma ta hana nuna shi, sannan a 1942 bam ya faɗa kan ma'ajiyar da asalin naɗinsa yake. Wasu masoya fim biyu ne suka bi gwangwanayen da suka rage suna tsintar gutsattsari, suka harhaɗa shi aka nuna a bikin Venice a 1959. A 1962 ya zo na uku, daga 1972 zuwa 1992 kuma yana na biyu.

A nan ya kamata a tsaya a tuna da waɗanda ba su yi wannan sa'a ba. Har zuwa wajen 1950, a kan wani irin sinadari mai kama wuta da kansa in ya ji zafi ake buga fim, in bai ƙone ba kuma ya ruɓe ya zama gari. Kamfanoni ba su ɗauki tsohon fim a bakin komai ba. Gobarar 1937 a ma'ajiyar kamfanin Fox da ke New Jersey ta lashe akasarin finafinansa marasa magana. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na wancan zamani sun ɓace gaba ɗaya. Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana, na 1931, babu shi a ko'ina. Cikakken kwafin The Passion of Joan of Arc na Carl Dreyer, wanda wuta ta cinye asalinsa, a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo aka tsince shi a 1981. Ɓangarorin fim ɗin Metropolis da aka yanke tun 1927 sai a 2008 suka ɓulla a wani gidan tarihi a Buenos Aires. Duk jerin gwarazan da za a yi, daga cikin ragowar ake zaɓe. Shi ya sa nake ganin mutum kamar Henri Langlois, wanda ya kafa taskar finafinai ta Faransa a 1936 ya kuma ɓoye dubban gwangwanaye lokacin mamayar Jamus, ya cancanci a riƙa ambatonsa tare da manyan daraktoci.

Ƙofar Asiya ta buɗe ne a 1951, da Rashomon na Akira Kurosawa ya ci babbar kyautar Venice. Ugetsu na Kenji Mizoguchi ya shiga goman farko a 1962. Yasujiro Ozu ya fi su shan jira, don masu sayar da finafinan Japan sun ɗauka baƙo ba zai fahimce shi ba. Tokyo Story, labarin tsofaffi biyu da suka kai wa 'ya'yansu ziyara birni suka tarar kowa na ta kansa, ba mai lokacinsu sai matar ɗansu marigayi, an yi shi a 1953, amma Amurkawa ba su samu ganinsa a silima sosai ba sai 1972. Shekara ashirin bayan haka ya zo na uku. A wannan zaɓe na 1992 ne kuma Pather Panchali na Satyajit Ray ya shiga, shi Ray ɗin da ya kalli Bicycle Thieves a Landan a 1950 ya fito da niyyar sai ya yi fim a ƙauyen Bengal da mutanen da ba 'yan wasa ba.

Akwai wata ƙofar da ta fi wannan wuyar buɗewa. Masu sharhi na farko sun raina fim ɗin kaboyi, da na rawa da waƙa, da na ban tsoro, suna ganin kayan kasuwa ne. Samarin mujallar Cahiers du cinéma ta Paris, irin su François Truffaut, su suka dage cewa Alfred Hitchcock da Howard Hawks masu fasaha ne na gaske ko da kuwa don cika silima suke aiki. Sai a 1982 abin ya nuna a ƙuri'a: Singin' in the Rain na rawa da waƙa, The Searchers na kaboyi wanda John Ford ya yi da John Wayne, Seven Samurai na takobi, da Vertigo na Hitchcock, duk suka shigo lokaci guda. Vertigo bai yi wani armashi ba da ya fito a 1958, Hitchcock ma ya janye shi daga kasuwa shekaru kusan goma, sai 1983 aka sake sakinsa. Daga nan ya riƙa hawa a hankali. A 2002 ƙuri'a biyar ta raba shi da Kane, a 2012 ya kayar da shi, 191 da 157.

Seven Samurai kuwa, ko wanda bai taɓa jin sunansa ba a ƙasar Hausa ya ga jikansa. Ƙauyen da 'yan fashi suka addaba ya ɗauko hayar mayaƙa su kare shi: Amurkawa suka mayar da shi na kaboyi a 1960 da sunan The Magnificent Seven, Indiyawa kuma suka gina Sholay a kan wannan tubali a 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra, ga Amjad Khan a matsayin bos Gabbar Singh. Sholay ya shekara biyar ana haska shi a silimar Minerva ta Bombay ba hutu, ya kuma cika silimun Kano da Kaduna da Zariya.

Zaɓen 2022 shi ya fi tayar da ƙura. An faɗaɗa masu jefa ƙuri'a daga 846 zuwa 1,639, aka shigo da mata da yawa da mutanen ƙasashen da a da ba a tambayarsu. Fim ɗin da bai ma shiga talatin na farko ba a 2012 ya tsallake kowa: Jeanne Dielman, na Chantal Akerman 'yar Beljiyam, wanda ya fito a 1975 tana da shekara 24. Karo na farko ke nan da aikin mace ya shiga goman farko, balle ya zo na ɗaya. Tsawonsa ya haura awa uku. Kwana uku ne a rayuwar wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Kyamara na kafe wuri ɗaya, matar tana fere dankali har ta gama, tana wanke kwanuka ɗaya bayan ɗaya, tana kashe fitilar duk ɗakin da ta fita, da rana kuma tana karɓar baƙin maza don samun na cefane. Saboda an saba maka da tsarinta, ranar da dankalin ya zarce a wuta sai gabanka ya faɗi, ka san wani abu ya tsinke a cikinta tun kafin a kai ga kisan da ya rufe fim ɗin.

Masu ƙorafi sun ce siyasa ce ta ɗaga shi. Ina fahimtarsu, ni ma ba shi zan miƙa wa wanda ya fara sha'awar tsofaffin finafinai ba. Amma zargin ya manta cewa jerin 1952 ma ra'ayin wasu 'yan tsirarun mutane ne, kusan dukkansu mazan Turai da Amurka. Aikin gida da rabin mutanen duniya ke yi kullum bai taɓa samun wanda ya zauna ya dube shi da natsuwa haka ba. Ƙorafina yana wani wurin. A cikin ɗari na farko, fim ɗin Indiya ɗaya ne, na Ray. Babu Mother India, babu Mughal-e-Azam, babu Pyaasa na Guru Dutt, babu Sholay, finafinan da ɗaruruwan miliyoyin mutane daga Asiya zuwa Afirka suka haddace. Rainin da aka yi wa Hitchcock a da, shi ake yi musu yanzu.

Daga Afirka ta Yamma biyu suka shiga, dukkansu na Senegal: Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, na 1973, da La Noire de… na Ousmane Sembène, na 1966. Dukkansu sai da gidauniyar da Martin Scorsese ya kafa ta gyara su aka sake fitar da su duniya ta gani, Touki Bouki tun a 2008. Masu zaɓe ba sa jefa wa abin da ba su gani ba ƙuri'a. Mutum nawa cikinsu suka kalli Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda ɗan Nijar, wanda ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, ko fim ɗin kaboyin da Moustapha Alassane ya yi a 1966?

Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ɗauka da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan yana jarumi, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin na 2018. Shi a kan naɗin fim aka ɗauke shi, shi ya sa ya jure shekara arba'in a ajiye. Kaset ɗin bidiyo ba ya kai haka, musamman a zafi da ƙura irin namu, a kansa kuma aka ɗauki Turmin Danya a Kano a 1990 da ɗaruruwan finafinan Hausa da suka biyo bayansa.